Shekarar da Fartanya Ta Shiga Soja

Ku samarin da kuke zama a inuwar rumfata kuna latsa waya, na ji abin da kuke faɗi. Wai ƙira ba komai ba ce, ka sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, ka doke shi, shi ke nan. To, Allah ya ba ku lafiya. In duka ne ƙira, da jakin gidanmu ya fi kowa iyawa, don ba wanda ya kai shi sanin duka ciki da bai. Ni Laminu Maƙeri, a nan Matameye aka yanke mini cibiya, kuma an ce da awartaki aka riƙe ta. Ku gyara zama.

Aikin farko da babana ya ba ni zuga ne. Ya zaunar da ni bayan zuga-zugi, fatun akuya biyu, hannu ɗaya ya sauka ɗaya ya tashi, ya ce kada in ɗaga kai sai na ji wuta ta fara magana. Na yi zuga har gemu ya fara leƙo mini. Ranar da aka kai ni gaisuwar surukai, ina durƙushe hannuwana suna ta hawa da sauka su kaɗai, har surukina ya tambaya ko masassara nake yi. Sai bayan nan aka yarda na taɓa masaba. Aka koya mini cewa gawayin ƙirya shi ne gawayi, sauran duk toka ce mai jiran lokaci. Aka koya mini bambancin ƙarfen da ya yi ja kamar gauta da wanda ya yi fari yana tartsatsi, wanda in ka ƙara masa zuga ɗaya ya ƙone ka yi asara. Aka nuna mini kurfi na yanka, matsoni na huda, magagari na gyaran baki. Uwar maƙera kuwa, wannan dunƙulen ƙarfen da ake duka a kansa, babana ya ce duk ranar da ya ga na zauna a kanta, ranar zan san cewa ni ma ana iya ƙera ni.

Abin da ba ku sani ba shi ne, a gidanmu maƙeri ba ya noma. Muna da ƙauyukan da muka gada tun kaka da kakanni. Da rani manoma su kawo tsofaffin fartanyoyi da sungumi da hauya, mu yi musu ƙari, mu wasa, mu ɗora a ƙota. Da kaka kowane gida ya ɗauro mana damin gero. Da wannan rumbunmu yake cika. In sun shuka mun ci, in ba su shuka ba mu lashi guduma. Kuma ƙa'ida ce, gidan da kake cin daminsa ba ka mayar masa da ƙarfe, duk abin da ya ce ka ƙera, ka ƙera.

Ƙauyukan da na gada biyu ne, suna kallon juna a kan hanyar Dungu, kwari ɗaya ne a tsakaninsu: Gidan Dogo da Gidan Gajere. Maigarin Gidan Dogo, Ilu, in yana tsaye sai ka ce masa ya tashi. Maigarin Gidan Gajere, Habu, sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawana, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa yarda ɗaya ya fi shi ko da tsawon atishawa.

Bindiga ta farko, Maigari Ilu ne ya kawo aikinta. Gero ya fitar da kai ya fara tsaba, sai ga jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa kamar hadari, sun sauka a itatuwan kwarin. Yara sun kaɗa gwangwani har hannu ya kumbura, tsuntsu ko a jikinsa. Ilu ya zo da guntun bututun ƙarfe a hammata.

"Maƙeri, so nake ka yi mini abin da zai yi ƙara. Ba harsashi, albarushi kawai. Tsoro nake so in ba su."

"Ranka ya daɗe, in sun ji tsoro ina za su?"

"Ina ruwana? Duniya da faɗi."

Na toshe gindin bututun, na huda masa kafa, na ɗaura masa zobba biyu don kada ya fashe, na ɗora shi a kan gungume. Suka sa mata suna Kun Ji. Ranar da aka buga ta, jan-baki suka tashi gaba ɗaya, suka duba faɗin duniyar da Ilu ya faɗa, suka ga ba inda ya fi kusa sai gonakin Gidan Gajere.

Washegari ga Maigari Habu, bututunsa a kafaɗa, ya ninka na Ilu.

"Maƙeri, ka ji abin da bawana ya yi mini? Ya aiko mini baƙi ba sallama. Ka yi mini wadda za ta mayar masa da su har da tukuici."

Tasu aka sa mata Mun Ji Sai Me. Aka buga, tsuntsaye suka koma Gidan Dogo. Can aka buga, suka dawo. Kafin gero ya nuna, jan-baki sun gane tsarin: ƙara ta nan tana nufin a je can a ci, ƙara ta can tana nufin a dawo nan a ƙarasa. Sun samu masu kiran su cin abinci sau biyu. Na rantse muku na ga wani jan-baki da ya yi ƙiba har sai da ya tsallake kwarin a ƙafa.

Da kaka aka girbe abin da ya rage. Dammai suka zo mini 'yan sirara kamar tsintsiya, amma dai sun zo. Liman ya tara Ilu da Habu, aka raba goro, aka yi fatiha, kowa ya ce ya tuba, ba shi ba bindiga har abada. Har rungumar juna suka yi, kan Ilu a daidai cibiyar Habu. Na ce alhamdu lillahi, bari in koma fartanyata.

Akwai wani abokina, Mushe Garba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya huta da aiki (Mushe muke ce wa malamanta a nan), kullum yana zaune a rumfata da rediyo manne a kunne. Shi ya fara ce mini kada in yi murna.

"Laminu, haka manyan ƙasashe suka yi bayan yaƙin duniya na farko. Kowa ya yi kuka, kowa ya rantse. Ba a daɗe ba wannan ya ce bari in ƙera ɗan jirgi ɗaya saboda tsaro, wancan ya ji, ya ƙera biyu saboda tsaron tsaro."

"To Mushe, su ma jan-baki ne ya dame su?"

"Ba su da ko jan-baki. Junansu kawai suke kallo."

Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Da mazan ƙauyukan suka tashi tafiya cin rani Kano, kowane maigari ya ja nasa gefe ya ce kada wanda ya dawo masa da atamfa ko agogo, bututu yake so. Ba don a buga ba, don a ajiye kawai, ko da wancan bawan zai saɓa alkawari.

Igwa ta farko da na ƙera, wato babbar bindigar da sai an ɗora ta a amalanke, bututunta a saman mota aka kawo shi, gaba ya wuce direba, baya yana share hanya. A nan ne sana'a take, ku masu cewa duka ne kawai. Babban bututu ba ya jure albarushi sai an yi masa ɗamara, zobe bayan zobe, daga gindi har baki. Ana sa zoben yana ja, in ya huce ya matse. Kuma ba kowane ƙarfe ke yin zobe ba, sai mai kyau, wanda ya sha wuta ya sha duka. Na gaya wa mai aikin, Maigari Ilu, haka. Ya ce, "Irin ƙarfen fartanya?" Na ce irinsa. Kashegari jakuna suka iso da fartanyoyin Gidan Dogo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me za a yi noma?"

Ya ce, "Damina da sauranta. In ba mu tsare gonar ba, wa za mu noma wa? Tsuntsu?"

Da an yi shiru da ba a ji ba. Amma mai yi mini zuga ƙanena ne, Sanda, magidanci da 'ya'yansa, wanda gwajin Mun Ji Sai Me ya tafi da rabin jinsa. Tun daga ranar, in ya yi raɗa a maƙera ana amsa masa a tasha. Ranar kasuwa ya sunkuyo kusa da kunnena don ya yi mini sirri, ya ce, "YAYA, FARTANYOYIN GIDAN DOGO SUN ƘARE, SAURA SUNGUMI!" Kafin la'asar jakunan Gidan Gajere suna ƙofata, da fartanya, da hauya, da lauje, har da wuƙar kaciyar wanzaminsu.

Daga nan abin ya zama sai wanda ya gani. Gidan Dogo suka yi Sai Kun Tashi. Gidan Gajere suka yi Muna Nan. Aka yi Uwar Sai Kun Tashi, aka yi Kakar Muna Nan. Duk wani sifirin mota da ke kasuwar Matameye suka saye, duk wani gatari suka kawo. Wata tsohuwa ta ɓoye tukunyar ƙarfenta a ƙarƙashin kaza mai kwanci. Wani jandarma, jami'in tsaro, ya zo dubawa, ya zagaya igwa ɗaya, ya leƙa bakinta har hularsa ta faɗa ciki, ya ce me take kashewa? Na ce, "Kunne kawai, shef." Ya ce a gwada ya gani. Aka gwada. Ya yi mini magana mai tsawo bayan nan, amma daga ni har shi ba wanda ya ji, sai ya hau babur ya tafi.

Mushe Garba ya ga abin ya yi yawa, ya ce bari ya yi musu wa'azi da tarihi. Ya tara Ilu da Habu a rumfata, ya ba su labarin yadda ƙasashe suka yi ta tara makamai kafin yaƙin duniya na biyu, ana karɓe tukwane da ƙyamaren ƙarfe ana kaiwa masana'anta, mutane suna layin burodi ana ƙera tankoki, har da jirgin da yake tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ya ce aka yi yaƙin, aka ƙare, aka binne waɗanda aka binne, sannan waɗanda suka yi nasara suka juya suka fara tsere a tsakaninsu, har yau rediyo bai daina faɗa ba. Ya yi magana har muryarsa ta dushe. Su biyun suna ta gyaɗa kai. Da ya gama, Habu ya juyo gare ni.

"Maƙeri, wannan mai tafiya ƙarƙashin ruwan, in kwari ya cika da damina, za ka iya?"

Ilu ya ce, "Ni na fara tunaninsa, bawana, bakinka ne ya riga nawa."

Mushe ya kashe rediyonsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce shi ya tafi sallah, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Sai ruwa ya sauka. Ruwan shuka sosai, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Duk ƙasarmu ta Kance aka fita da sungumi, maƙwabtanmu mutanen Kurni har sun fara waƙa a gona. Ni kuwa da safe na buɗe maƙera na tarar da mazan ƙauyuka biyu tsaye, kowa riƙe da ƙota tsirara, ba ruwan ƙarfe a bakinta, sai ka ce taron makafi. Suka ce, Maƙeri, sungumi.

Na ce, "Da wane ƙarfe? Ƙarfenku yana can ya yi ɗamara yana gadin tsuntsun da bai zo ba."

Ku fahimci inda nake. Rumbuna ya kai ƙasa, matata Hajara ta fara auna tuwo da ido. Laimar shuka ba ta jiran kowa, in ta tafi sai wani ruwan, wani ruwan kuma na Allah ne. In waɗannan mutane ba su shuka ba, ba dami, in ba dami gidana sai mu dafa awartaki. Kasuwa ba ƙarfe, su suka cinye shi. Ƙarfe ɗaya ne ya rage a ƙasar nan, shi ne wanda ke jikin igwa.

Na faɗa musu haka. Ilu ya ce ya yarda ɗari bisa ɗari, a fara da ta Gidan Gajere. Habu ya ce shi ma ya yarda, amma babba shi ke fara nuna misali, kuma ai Ilu kullum yana cewa shi ne babba. Ilu ya ce yau ɗaya ya bar masa girman. Mushe ya ce to a kawo su tare, lokaci ɗaya. Aka yarda. Aka ɗoro manyan biyun a amalanke, aka taho, sai a mararraba kowa ya tsaya yana jiran ƙafar amalanken ɗaya ta fara wucewa. Shanu suka gaji suka kwanta. Da yamma kowa ya juya da abarsa gida. Rana kuwa tana ta shan laimar ƙasa kamar mai buɗa baki.

Aikin da ya cece ni ba na yaƙi ba ne. Wani mai lambun rake ne ya kawo mini tano uku, manyan gangunan mai, ya ce in fasa gindinsu in haɗa su baki da baki, zai zura a rijiyar lambunsa don kada yashi ya rufta. Aiki ne na yini ɗaya: ka yanke gindi da kurfi, ka huda gefe da matsoni, ka ɗinke da ƙusa. Da na gama, rumfa ba ta ɗauke shi ba, sai na jingina shi a kan katanga a waje, bakinsa a ɗage yana kallon hanyar Dungu. Ranar kasuwa ce. Ban ce wa kowa komai ba.

Kafin in wanke hannu ga Maigari Ilu, yana haki. Ya tsaya a gaban abin, bakin ya isa ya shiga ciki da rawaninsa ya juya.

"Maƙeri, wannan ta wa ce?"

"Ranka ya daɗe, maƙeri ba ya faɗin mai kaya."

Sanda, Allah ya saka masa, mutum ne mai gaskiya. Ya ɗago daga zuga ya ce, "NA RIJIYA NE!"

Ilu ya yi murmushin wanda ya san duniya. "Rijiya. Haka bawan nawa ya ce ku ce? Rijiya mai kallon Gidan Dogo?" Ya ja ni gefe. "Ka yi mini wadda ta fi ta."

"Ba ƙarfe, ranka ya daɗe. Sai dai a kawo duk naku, manya da ƙanana, in warware su in sake aiki."

"Kafin magariba suna nan."

Bai kai bakin kasuwa ba sai ga Habu ta ɗaya hanyar. Shi da tsawonsa ya leƙa ciki ya yi sallama, abin ya amsa masa. Sanda ya sake cewa na rijiya ne. Habu ya ce, "Sanda, kai yaro ne, ba ka san Ilu ba." Shi ma na gaya masa abin da na gaya wa ɗan'uwansa, kalma ɗaya ban ƙara ba. Mutanen da suka kasa wuce mararraba don zaman lafiya, ranar da gudu suka wuce ta, shanu har suna tuntuɓe.

Na kira duk maƙeran da na sani, har na Dungu, muka hura wuta uku. Zobe in ya sha wuta sakin jiki yake, ka zare shi, ka miƙe shi, ka yanka, ka buɗe masa baki. Sungumi muka fara yi, don shi ake bukata a ranar, fartanya ta jira noman fari. Sai Kun Tashi ta ba da sungumin unguwa guda. Kakar Muna Nan har da canjin lauje. Wuƙar wanzami ce kaɗai ban gane inda ta shiga ba, ina jin tana cikin wata hauya har yanzu, don an ce akwai gonar da ciyawa ba ta sake tsirowa ba.

Da masu gari suka zo karɓar babbar igwa, suka tarar da tsibi biyu na sungumi, ga bututansu a gefe tsirara kamar an yi musu fashi. Ilu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga Habu yana ƙirga tsibinsa da ido. Ya ce, "Namu ya fi yawa." Habu ya ce, "Naku ya fi yawa, namu ya fi kaifi. Kafin ka kai gona na gama shuka." Ba su ko yi mini sallama ba. Aka kwashi sungumi aka ruga. Allah ya taimaka aka samu ɗan yayyafi a kan sauran laimar, shuka ta kama, a makare amma ta kama. Jan-baki kuwa a shekarar ba su zo ba sam. Mushe ya ce wataƙila sun ji an daina kiran cin abinci.

Da kaka ina zaune sai ga damin Maigari Ilu, ƙarti biyu suna ɗauke da shi suna nishi. Ban taɓa ganin dami irinsa ba. Bai kai ƙasa ba sai ga na Maigari Habu a kan amalanke, saniya tana kumfa. Hajara ta yi guɗa, ta ce yau gasar tasu ta biyo ta inda take da amfani. Na ce a kwance a zuba a rumbu.

Sanda ya yanke igiyar na farko. Zangarniya ta zube, layi ɗaya ce kawai a waje, kamar an yafa wa abu zane. A tsakiya ga bututu kwance, sabo fil, kaurinsa ya kai cinyata. Aka yanke na biyu, nasa ya fi kauri. Geron da muka kakkaɓe daga dammai biyun, da na sauran gidaje, ya kai mu tsakiyar rani da ƙyar, daga nan muka koma rogo da tafasa. Waccan ita ce muguwar shekarata, kuma da ƙoshin ƙarfe na yi ta.

Ɗan aiken Ilu ya matso ya rage murya, ya ce Maigari yana gaisuwa, ya ce ba gaggawa, ba kuma don a buga ba, a ajiye kawai. Ɗan aiken Habu ya jira ya gama, ya zagayo ta ɗaya kunnen, ya ce Maigari yana gaisuwa, shi ma ba gaggawa.

"Amma ya ce a fara da tamu."